Me ya sa fulawa ta daɗe a buhu kafin ta samu taragonta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin gidan burodi a Kano, na fi shekara goma ina sayen fulawa buhu-buhu. Kwanaki ɗana ya nuna mini wani bidiyo a waya, wai a Amurka ne, an ja wani farin tarago har cikin harabar gidan burodi, aka jona masa tiyo. Ya ce fulawa ce zallarta a ciki, ba buhu ko ɗaya. Yaushe aka fara wannan, yaya ake fitar da garin, kuma me ya hana a yi mana irinsa a layin Legas zuwa Kano?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa sana'a albarka.

Kafin mu tafi Amurka, ina so ka yi wani ɗan gwaji a gidan burodinka. Ka samu mazurari, irin na ɗura mai a kwalba, ka toshe bakinsa da yatsa, ka cika shi da gero, sannan ka saki. Geron zai zube tas, ko ƙwaya ba za ta rage ba. To ka sake cika shi da fulawa, ka ɗan bubbuga shi a kan tebur sau biyar ko shida, ka saki yatsan. Ɗan kaɗan ne zai faɗo, sauran ya tsaya cak. In ka tsokana da tsinke, rami zai buɗe a tsakiya, garin gefe kuma ya maƙale a jikin mazurarin yana kallonka. Abin da ka gani a mazurarin nan shi ya hana fulawa samun tarago nata na kanta sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, alhali tun ƙarni na 19 jirgin ƙasa yake jigilarta.

Ƙwayar gero ko ta alkama tana da nauyin da zai sa ta gangara a kan 'yar'uwarta. Fulawa kuwa ƙura ce. Ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta har suna manne wa juna, ga ɗan danshin da take fitowa da shi daga injin niƙa, wajen kashi 14 cikin 100. Tafiyar jirgin ƙasa kuma girgiza ce da bugu tun daga tashi har sauka. Duk iskar da ke tsakanin garin sai ta fice, ya zauna ya danne kansa, kafin a ci kilomita dubu ya koma kamar daɓen ɗaki. Ka buɗe ƙofar ƙasa, ba abin da zai fito.

Labarin ya fi ƙarfi a Amurka saboda yadda ƙasar take. Alkama tana tsakiyar ƙasa, masu cin burodi kuma sun fi yawa a biranen gabas irin su New York da Boston, tsakaninsu tafiyar fiye da kilomita 1,500. Daga 1880 zuwa 1930, birnin Minneapolis na jihar Minnesota shi ne kan gaba a niƙan alkama a duk Amurka. Akwai wata gangarar ruwa a Kogin Mississippi a tsakiyar birnin, ita ke juya injinan, kuma a gefenta manyan kamfanoni biyu suka kafu, Washburn-Crosby da Pillsbury. Washburn-Crosby ne ya zama General Mills a 1928. A 1916 kaɗai birnin ya niƙa fulawa sama da ganga miliyan 18.

Ka ji na ce ganga. Da ganga aka fara, ta katako, kowace tana cin laba 196, wato kusan kilo 89. Ganga tana da amfaninta: mutum ɗaya zai iya mirgina ta, ruwan sama ba ya ratsa ta da sauƙi, ɓera ma sai ya sha wahala. Amma tana da tsada, tana da nauyin kanta da za a biya wa kuɗin jirgi, kuma in an juye ta, wurin da take ci ba ta da komai daidai yake da wanda take ci tana cike. Da keken ɗinki ya yawaita, auduga ta yi araha, sai buhu ya ture ganga a hankali. Abin dariyar shi ne ganga ta tafi ta bar awonta. Buhunan farko laba 98 ne, wato rabin ganga, da 49, da 24 da rabi. Sai a 1943, ana tsakiyar yaƙi, gwamnatin Amurka ta daidaita su zuwa laba 100, da 50, da 25 zuwa ƙasa.

Don ka san yadda fulawa da layin dogo suka haɗa kai a wancan zamani, masu niƙan Minneapolis da kansu suka gina layin jirgi. Sun gaji da biyan abin da kamfanonin jiragen da ke bi ta Chicago suke yanka musu, sai a 1883 suka kafa kamfanin da aka fi sani da Soo Line, ya yanka ta arewa zuwa Sault Ste. Marie a kan iyakar Kanada. A Janairun 1888 kayan farko suka tashi daga Minneapolis a kan sabon layin, tarago sama da 100, duka fulawa.

Taragon da ke ɗaukar waɗannan ganguna da buhuna ba wani na musamman ba ne. Rufaffen tarago ne mai kama da ɗaki, da ƙofa a gefe, wanda yau zai ɗauki katako, gobe fatu, jibi takin zamani. Nan wahalar take. Fulawa tana shan wari kamar yadda ka sani. In ka ajiye buhu kusa da jarkar kananzir, burodin ranar ya tashi aiki. Saboda haka kafin a loda, sai ma'aikacin kamfanin niƙa ya shiga taragon ya shinshina, ya duba rufin ko yana yoyo, a share, a bi bango da guduma ana kwantar da duk ƙusar da ta leƙo, a shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da jikin bango. Taragon da bai yi ba a mayar wa kamfanin jirgi. Duk da haka ƙwari suna ɓoye a bayan katakon bango, cikin ragowar hatsin da wani ya ɗauka watanni baya, su fito su shiga buhuna a hanya. Ga buhun da zai yage in an haɗa taragu da ƙarfi. Ga uwa uba aikin hannu: tarago mai laba 80,000 buhu 800 ke nan na laba 100, kowanne sai an ɗaga shi a wajen lodi, an ɗaga a wajen saukewa, an jera a sito, an sake ɗauko shi an farke baki an juye. Kai da kake biyan 'yan dako ba sai na yi maka lissafi ba.

Buhun auduga dai ya yi wa talaka rana. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, matan karkara da buhun fulawa suke ɗinka wa yara riguna, har kamfanoni suka fara buga wa buhun furanni don a saya saboda yadin. Mu ma manyanmu sun san zanen gado da wando na buhun fulawa, a Ghana kuma a kan irin wannan buhu masu zane suka riƙa zana tallan finafinai. Amma ga mai babban gidan burodi, buhu kuɗi ne da yake biya a kan abin da ba zai toya ba.

Taragon zuba gari tsurarsa ya riga ya wanzu tun shekarun 1930, sai dai ba don fulawa aka yi shi ba, don siminti ne. An ɗauki siffar taragon kwal mai cikin mazurari, aka yi masa rufin ƙarfe da ƙofofin zubawa a sama, da ƙofofin juyewa a ƙasa. Siminti ma yana gardama, amma yana da nauyi, kuma ba wanda zai damu in lebura ya daki jikin taragon da guduma, ko ya zura sanda ta sama ya zungura. Ba a yi wa abinci haka. Ƙari a kan wannan, siminti ya kusan ninka fulawa uku a nauyi. Kubik mita ɗaya na siminti ya kai kilo 1,500, na alkama wajen kilo 770, na fulawa kuwa tsakanin 550 da 600. Taragon siminti ƙarami ne mai ƙarfi. Ka cika shi da fulawa har baki, ko rabin nauyin da zai iya ɗauka ba ka kai ba. Kuma in ka ce za ka yi wa cikin taragon gangara mai tsananin tsayuwa don fulawa ta zube da kanta, gangarar ta cinye wurin da za ka zuba kayan.

Wani kamfanin Chicago mai ƙera taragu yana ba da su haya, General American Transportation, wanda ake taƙaita wa GATX, ya gwada wani samfuri a ƙarshen shekarun 1940 mai suna Trans-Flo, wanda ake zuƙe garin da iska ta ƙofofi da yawa a ƙasansa. Kamfanin biskit na Nabisco yana cikin waɗanda suka yi aiki da shi. Bai yaɗu ba. Maganin da ya ci ya fito ne daga wajen masu siminti. Kamfanin Fuller na jihar Pennsylvania, tare da kamfanin siminti na Huron a Michigan, sun ƙirƙiro wata hanyar tura siminti a cikin masana'anta da suka kira Airslide. GATX ya ɗauki dabarar ya sa a cikin tarago a 1953, a 1954 kuma ya saye kamfanin Fuller ɗin ɗungurungum.

Dabarar tana da sauƙi har ta kan ba mutum haushi cewa an daɗe ba a gano ta ba. Tun da ficewar iska ce ke sa gari ya daskare, sai a mayar masa da iskar. A ƙasan taragon akwai kwararo biyu da suka bi tsawonsa, kowanne yana gangarowa a hankali zuwa tsakiya inda bakin fita yake. An shimfiɗa wa kowane kwararo wani yadi mai kauri kamar tamfol, wanda iska ke iya ratsawa amma gari ba ya iyawa. A ƙarƙashin yadin akwai fili. Idan aka hura iska a wannan fili, sai ta ɓullo ta dubban ƙofofin saƙar yadin, ta shiga tsakanin ƙwayoyin garin ta raba su. Fulawar da ɗazu take kamar daɓe sai ta saki jiki ta malala kamar ruwa, a kan gangarar da ba ta wuce digiri 15 ba. In kana son ganin irin wannan da idonka, ka lura da fulawar da aka gama tankaɗewa yanzu-yanzu: ka karkata tiren kaɗan, za ka ga tana gudu. Wadda ta kwana a buhu ba ta yin haka. Rariya ta sa mata iska ne.

Ga yadda saukewar take a gidan burodi. Injin jirgi ya turo taragon kan ɗan reshen layin da ya shiga harabar, a ɗaure birki, a sa wa ƙafafun waigi. Ma'aikaci ya zagaya da takarda a hannu yana duba hatimin da aka ɗaure a kowace ƙofa, sama da ƙasa, yana gwada lambobinsu da waɗanda kamfanin niƙa ya aiko. Hatimi ɗaya ya tsinke, ana iya ƙin karɓar kayan baki ɗaya. Sai ya maƙala wa jikin taragon wata waya da aka binne ƙarshenta a ƙasa. Ya hau sama ya ɗan buɗe ƙofa, ya sa mata matacin yadi don iska ta samu hanya ba tare da ƙura ko ƙwaro sun shiga ba, ya ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Sannan ya jona tiyon iska, ya jona na gari a bakin fita, ya tayar da injin hura iska, wanda na gidan burodin ne, taragon ba shi da injin komai. Daga nan sai dai ka ji gunjin inji, ka dafa bututu ka ji gari yana wucewa. Kafin ya shiga rumbun ƙarfe sai ya bi ta rariya da maganaɗisu. Mutum ɗaya ko biyu sun gama aikin da dā gungun lebura ne suke wuni a kansa.

Wayar nan da aka maƙala tana da tarihi mai ɗaci. Gari da ke gudu cikin bututu yana tara lantarki irin wanda ke sa riga ta yi ƙyas-ƙyas a lokacin hunturu, kuma ƙurar fulawa da ta cika iska a rufaffen wuri, in ta samu tartsatsi, fashewa take yi kamar albarushi. Ranar 2 ga Mayu, 1878, babbar masana'antar Washburn A a Minneapolis ta fashe da magariba saboda ƙurar fulawa, mutum 18 suka mutu, wutar ta cinye wasu masana'antun da ke maƙwabtaka da ita. Tun daga nan masu niƙa ba sa wasa da ƙura. Kai ma, Alhaji, in yaranka suna kakkaɓe buhuna, su yi nesa da bakin tanda.

Airslide na farko ɗakinsa kubik mita 74 ne, Amurkawa suna kiransa 2600 saboda awonsu na ƙafa. In ka buga da nauyin fulawa, yana cin tan 40 da 'yan kai, kwatankwacin buhunka na kilo 50 guda 800 zuwa 900. An ƙera dubbansu, kuma ba fulawa kaɗai suka ɗauka ba, har da sukari da sitati. A shekarun 1960 aka fito da babba mai kubik mita 118, wanda suke kira 4180. Da farashin jigila ya koma fifita manyan taragu, wasu kamfanonin jirgi sai suka riƙa ɗaure ƙananan biyu-biyu da sandar ƙarfe, a lissafa su a matsayin tarago ɗaya.

Sai dai a ganina, masu ba da wannan tarihi suna yawan yabon injiniyoyi su manta da wanda ya sa aka yi aikin. Tarago mai tan 40 na gari ba shi da amfani sai in akwai mai sayen da zai shanye tan 40 cikin 'yan kwanaki, yana da rumbu, yana da bututu, yana da layin dogo a bayan katangarsa. A farkon ƙarni na 20 yawancin burodin Amurka a gida mata suke gasawa, fulawa kuma ƙananan buhuna ake saya a kanti. Zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya juye: burodi ya koma hannun manyan masana'antu irin su Continental Baking mai Wonder Bread, ga kamfanonin biskit da na taliya, ga kuɗin lebura da ya hau. Su ne suka matsa, su ne suka zuba kuɗi suka gina rumbuna. Da an ƙirƙiro Airslide a 1900, da ya yi tsatsa a tasha don ba inda za a juye shi.

Kuma taragon yana da tsadar da ba a gani. Taragon buhu in ya sauke fulawa a New York zai iya komowa da wasu kaya. Na gari ba ya ɗaukar komai sai abin da aka ware shi dominsa, saboda haka rabin tafiyarsa a banza yake yi, fanko. Shi ya sa akasarinsu ba mallakar kamfanin jirgi ba ne, haya kamfanonin niƙa suke ɗauka na shekaru, su buga sunansu a jiki. An shafe cikinsa da fenti na musamman da ba ya gurɓata abinci. Babban abokin gabarsa kuma gumi ne. Fulawa tana fitowa daga niƙa da ɗumi, in taragon ya ratsa ƙasar sanyi sai rufin ƙarfen ya yi raɓa ta ciki, ta ɗiga kan garin, ya dunƙule, in an yi sakaci ya yi fumfuna. Yadin Airslide ɗin kansa yana riƙe gari a saƙarsa, dole a riƙa dubawa ana sauyawa, kuma wanke shi aiki ne.

Wanda ɗanka ya nuna maka a waya, in bidiyon na 'yan shekarun nan ne, na fi zaton ƙanen Airslide ne, wato tarago mai aiki da matsin iska. Shi kuma rufe shi ake yi ruf, a ɗura masa iska har matsin cikinsa ya kai wajen awo 15 a ma'aunin masu faci, kusan rabin iskar tayar ƙaramar mota. Iskar tana shiga ta ƙasa ta sassauta garin kamar yadda na bayyana, sannan matsin ya tura shi cikin bututu har saman rumbu, ko cikin motar tanka. Irin wannan ya fara fitowa a shekarun 1960. A 1964 kamfanin jirgi na New York Central ya soma wani tsari da ya kira Flexi-Flo, inda tarago zai tsaya a tasha a juye kayansa cikin tanka, ita kuma ta kai wa mai sayen da ba shi da layin dogo. Da siminti aka fara, daga baya abinci ya shigo. Na yanzu suna ɗaukar fulawa wajen tan 90, wato lodin tirela uku masu buhu 600.

Abin mamaki, bayan duk wannan wahala, tafiyar fulawa mai nisa a jirgi ta ragu a Amurkar. Dā akwai wani rangwame da kamfanonin jirgi suke yi: a ɗauko alkama daga gona, a tsaya a hanya a niƙa, a ci gaba da fulawar a kan farashi ɗaya kamar ba a tsaya ba. Wannan ya raya biranen niƙa na tsakiyar ƙasa. Da aka fara jigilar alkama da dogayen jirage masu kaya iri ɗaya, sannan dokar Staggers ta 1980 ta sakar wa kamfanonin jirgi mara wajen yanka farashi, sai kai alkama ya fi kai fulawa araha. Alkama ba ta gardama a mazurari, ba ta lalacewa da wuri, kowane rufaffen taragon hatsi zai ɗauke ta. Sababbin masana'antun niƙa sai suka koma kusa da manyan birane, alkama ta zo a jirgi, fulawa ta fita a tanka. A Ingila ma, inda manyan masana'antun niƙa na kamfanonin Rank da Spillers suka kasance a bakin tashoshin ruwa kuma ƙasar ba ta da faɗi, motar tanka ce ta karɓi aikin daga buhu. Jamus da maƙwabtanta suna da nasu taragun gari masu tuluna a tsaye da ake juyewa da matsin iska tun shekarun 1950, amma siminti da makamantansa suka fi ɗauka.

To mu dawo gida. Jirgi ya iso Kano a 1911, kuma kayan da ya yi suna da su, gyaɗa, a buhu suka riƙa tafiya. Dalar gyaɗa ma buhuna ne da aka tara suna jiran tarago. Fulawarmu kuwa tun asali a bakin teku aka kafa ta, domin kusan duk alkamar daga waje take zuwa a jirgin ruwa. An kafa Flour Mills of Nigeria a 1960, masana'antarsa ta Apapa ta fara niƙa a 1962, daga baya wasu suka biyo a Fatakwal da Kalaba da Sapele. A 1971 aka kafa Northern Nigeria Flour Mills a Kano, a Bompai, wato aka zaɓi a kawo alkama Arewa a niƙa ta kusa da masu saye. In ka lura, wannan shi ne tsarin da Amurka ta koma wa daga baya.

Akwai kuma maganar layin kansa. Tsohon layin Legas zuwa Kano siriri ne, milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, na Amurka kuwa 1,435. Taragon da ka gani in ya cika, shi da kayansa suna kai tan 130, fiye da tan 32 a kan kowane gatari. Tsohon layinmu da gadojinsa ba a gina su don wannan nauyi ba. Sababbin layuka masu faɗi, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021, awonsu ɗaya da na Amurka, amma sai sun haɗe har Kano kafin a yi zancen kaya su taso daga Apapa ba a sauke a hanya ba. Kuma fulawa ba ta jure jinkiri. Tarago ya kwana goma a rana a wata tasha a watan Afrilu, ko cikin laimar Agusta, abin da za a buɗe a samu ba zai yi daɗin gani ba.

Amma ko da an gyara layi gobe, babban dalilin yana gidan burodinka. Kasuwar fulawarmu ta dubban masu ƙananan tanda ce, da masu fanke, da masu cincin, da masu gurasa a Jakara, kowa yana ɗaukar buhu biyu, biyar, ashirin, wani ma bashi dila ya ba shi sai ya sayar ya biya. Buhu ne ya dace da wannan kasuwa, don shi ake iya rabawa, a ɗora a Keke Napep, a jingina a lungu. Waɗanda za su iya shanye gari tsurarsa su ne manyan masana'antun taliya da biskit, kuma da yawansu mallakar kamfanonin niƙan ne. In har za ka ga fulawa ba buhu a Kano, a motar tanka za ka fara ganinta tana shiga Sharaɗa ko Challawa, tun kafin tarago. Abin da layin dogo zai fi yi maka amfani da shi shi ne ya kawo alkama Arewa da araha fiye da tirela, ko ya kawo buhunan a kwantena.

Ka ɗauka kana murza buhu goma a rana. Tarago ɗaya na zamani buhu 1,800 ne, fulawar wata shida ke nan ba hutun Juma'a ba na salla. Sai ka gina rumbun ƙarfe, ka sayi injin hura iska da janaretan da zai ja shi, ka biya kuɗin kayan gaba ɗaya, sannan ka zauna kana gadin garin daga ƙwari tun daga bazara har kaka.